Ƙorafi a Kan Bashin da Aka Tono wa Lalmoti Bhumij Bayan Wa'adinsa Ya Wuce

Daga: Haripada Tanti, Gida na 22, Layin Rijiya, Gonar Shayi ta Bokultila, Moulvibazar.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Kula da Harkokin Ma'aikata na Shiyya, Srimongol.

Kwanan wata: Litinin, 2 ga Satumba, 2019.

Game da: Neman tsohon kuɗin lada daga ma'aikaciyar da ta yi ritaya bayan wa'adin nema ya wuce, da yunƙurin fitar da ita daga gidanta kafin 30 ga Satumba.

Ranka ya daɗe,

Porimol Dastidar, babban akawun gonar shayi ta Bokultila, ya cuci wata tsohuwa. Ya karɓi kuɗinta a kan bashin da ya san wa'adin nemansa ya wuce tun da daɗewa, bai ba ta rasit ba, yanzu kuma ya aika mata takarda cewa ta tashi daga gidanta kafin ƙarshen wannan wata, ita da matar ɗanta da jikoki biyu. Sunanta Lalmoti Bhumij, tana gida na 7 a Layin Bakin Hanya. Da bakina da sa hannuna ya samu ya yi mata haka. Saboda haka wannan ƙara ta shafe ni kamar yadda ta shafe shi, kuma ba zan rage komai daga nawa ɓangaren ba. Bayan gaisuwa ta girmamawa da neman afuwa a kan tsawon takardar, ga bayanin.

1. Ni ne Haripada Tanti, shekarata hamsin da huɗu, ina aiki a rumfar busar da ganye. A gonar nan aka haife ni. Aji uku na yi a makaranta, sauran karatun da kaina na koya daga jaridun da ake naɗe kaya da su da littattafan addini da na ara. Tun 2008 aka ba ni shugabancin kwamitin ma'aikatan gonar, wato panchayat. Ba na shan giya, ba na cin bashi, ni na hana caca a layinmu, kuma na taɓa kai ɗan ƙanwata gaban kwamiti saboda ya saci itacen da ke yi wa shukar shayi inuwa. Na faɗi wannan ne don a san nauyin da maganata take da shi a wurin mutanen nan. Da wani ne ya ce wa tsohuwar ta biya, da ba ta biya ba.

2. Yadda kuɗin ya shiga hannunta. A daminar 2012 Lalmoti ta zame a gangaren sashe na tara da kwando cike a bayanta, ƙugunta ya goce. Ta kwanta daga Yuni har Oktoba. Ranka ya daɗe ka san yadda abin yake a gonaki: gida na mai suna ne a rajista, kuma sunan da ya daɗe ba a amsa shi a wurin awo ba, ofis yakan fara sa masa ido. Shi ya sa idan mace ta kwanta, 'yarta ko ƙanwarta takan ɗauki kwandon ta fita, idan sardar mai kula da masu tsinkar ganyen shayi ya kira sunan uwar, 'yar ta amsa. Iyayenmu haka suka yi, kakanninmu ma haka. Sardar ya sani, mai sikeli ya sani, ofis ya sani, ba wanda ya taɓa kiran wannan sata. 'Yarta Shefali, wadda lokacin ba ta yi aure ba, ita ta fita. To, malamin ɗakin magani ya rubuta Lalmoti cikin marasa lafiya, ofis ya fitar mata da kuɗin jinya. Mai sikeli kuma ya rubuta ta cikin waɗanda suka kawo ganye, ofis ya fitar mata da ladan yini. Ranar biya akan haɗa duka a miƙa wa Shefali ta kai gida. Lalmoti ba ta iya karatu ba. Ta ce ta ɗauka haka ake yi wa wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma na yarda da ita. Kuɗin ya tafi wurin mai ɗori da man zafi da shinkafa. Ba na musun cewa an biya ta fiye da haƙƙinta. Amma wanda aikinsa ne ya dubi lissafin biyu ya ga sun ci karo, shi ne ƙaramin akawun lokacin, kuma shi ne Porimol Dastidar.

3. Wa'adin. A watan Maris na 2009 hukumar gonar da kwamitin ma'aikata suka ƙulla yarjejeniya, kuma sa hannuna yana jiki. Sashe na goma sha huɗu ya ce duk wanda ya ga an yi kuskure wajen biyan lada, gona ce ko ma'aikaci, to ya nema cikin shekara guda daga ranar biyan, kuma da zarar an ba ma'aikaci takardar sallama, gona ba ta da sauran abin nema a wurinsa. Lalmoti ta yi ritaya ranar 31 ga Disamba, 2014. An ba ta takardar sallama da hatimin ofis, ba a rubuta ana bin ta kuɗi ko taka ɗaya ba. Abin da dokar ƙasa ta ce a kan irin wannan, ranka ya daɗe ka fi ni sani, ba zan yi shisshigi ba.

Akawun ya san sashen nan sarai, domin da shi yake korar mutane. Bara wani dattijo, Ramdhani Goala, ya zo neman ladan aikin ranakun hutu da aka manta ba a ba shi ba, ya makara da wata guda. A gabana akawun ya ɗora yatsa a kan takardar ya ce, “Kawu, shekara ta wuce. Ko manaja ne ya zo da wannan, sai dai ya sha shayi ya koma.” Ramdhani ya yafa tawul ɗinsa ya fita, ni ma na bar shi ya tafi, don doka ce.

4. Da Lalmoti ta yi ritaya, sunan gidan ya koma kan ɗanta Montu. A watan Fabrairun bana ciwon shawara ya kashe Montu. Bisa al'ada da kuma yarjejeniya, sai a sa sunan matarsa Josna a rajista, iyalin su ci gaba da zama a gidan. Josna ta je ofis sau uku. Ranar 4 ga Afrilu akawun ya ce mata ba za a rubuta sunanta ba sai an biya abin da uwar mijinta ta ci a 2012, taka dubu goma sha shida da ɗari biyu.

Kafin iyalin su zo wurina, shi ya riga su. Ya same ni a bakin rumfa lokacin hutun rana, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo mini ganyen pan na taunawa ya ce, “Shugaba, ni fa ba kuɗin ne ya dame ni ba. Kowa ya san a gonar nan mutum ɗaya ne ba ya jin tsoron faɗar gaskiya ko a kan ɗan'uwansa. Ka duba maganar kawai, duk yadda ka yanke na yarda.” Ban karɓi pan ɗin ba, na yi ta alfahari a raina cewa ban karɓi komai daga hannunsa ba. Yabon kuwa na karɓe shi na tafi da shi gida.

5. Ranar Lahadi, 21 ga Afrilu, kwamiti ya zauna a harabar haikali, mutanen layuka huɗu suna tsaye. Na san sashe na goma sha huɗu, zan iya karanta shi da ka. Ban ambace shi ba. Ina roƙon a rubuta wannan yadda na faɗe shi: ba mantawa na yi ba. A ganina a ranar, wa'adi wata ƙofa ce da aka bar wa marasa kunya su sulale, kuma abin da ba naka ba ne ba zai zama naka don shekara ta juya ba. Na yi wa jama'a dogon jawabi a kan haƙƙi da amana. Na ce Lalmoti ta ci abin da ba nata ba, ta mayar.

Josna ta taso daga cikin mata ta ce, “Kawu Haripada, shekara bakwai fa! Kuɗin da aka sha magani da shi, daga ina za mu amayo shi? Ko ƙugun nata za mu ciro mu kai ofis su riƙe?” Mutane suka yi dariya. Na ce mata matar da mijinta bai cika wata uku da rasuwa ba ba ta ɗaga murya a gaban dattawa. Ta ja gyalenta ta rufe fuska ta zauna. Ramdhani ya ce, “Shugaba, to ba ni aka ce wa shekara ta wuce ba? Ko tawa shekarar ce kaɗai take wucewa?” Na ce masa maganar ofis daban, maganar gaskiya daban, na umarce shi ya zauna. Shi ma ya zauna.

Sai tsohuwar ta dafa sandarta ta miƙe. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, Didi, wato Yaya, nake kiranta tun ina yaro. Ta ce, “Haripada, ni nake goyonka idan uwarka ta tafi tsinka. Ka yi karatu, ni ban yi ba. In ka ce bashi ne, to bashi ne. Ba zan je in tarar da Montu da kuɗin mutane a wuyana ba.” Aka watse. Na koma gida ina jin na yi aikin kirki, na ci abincina sosai.

6. Abin da iyalin suka mallaka mai daraja saniya ce guda ɗaya, baƙa, mai ba da madara. Da ita ake ba jikokin madara, ragowar a sayar wa mai shayi a bakin hanya. Lalmoti ta ja ta da kanta zuwa kasuwar Laraba. Dillalai sun san mai gaggawa daga tafiyarsa, suka saya taka dubu goma sha ɗaya. An gaya mini ta roƙi dillalin ya sayar wa mai son madara, ya ce to, yana kallon wani wuri.

Washegari Alhamis, 2 ga Mayu, ni na raka ta ofis. Ta kwance bakin zanenta ta ƙirga kuɗin a kan tebur. Akawun ya ce ragowar za a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga ladan Josna, kuma cikin mako za a rubuta sunanta. Na nemi rasit, ya ce littafin rasit ya ƙare, an aika a kawo sabo. Sai ya fito da wata takarda da aka riga aka buga, ya ce shaida ce kawai ta cewa ta kawo kuɗi. Ya kama babban yatsanta ya dangwala. Ya turo mini in sa hannu a matsayin shaida. Na karanta layin farko, na ga sunanta, ya ce, “Shugaba, shayinka yana hucewa.” Na sa hannu.

Ranka ya daɗe, shekara talatin ina yi wa mutanen layi faɗa cewa kada su dangwala a kan abin da ba a karanta musu ba. Na taɓa ƙwace takarda daga hannun wani saurayi na karanta masa ita da ƙarfi a gaban ofis don ya ji kunya ya koyi darasi. Wannan takarda shafi ɗaya ce, kuma tabarauna suna aljihuna.

7. Mako ya wuce, wata biyu suka wuce, ba a rubuta sunan Josna ba. Ranar 18 ga Yuli aka kawo wa Lalmoti sabuwar takarda. An ƙara kuɗin garin alkamar da aka ba gidan a watannin jinyar, an ƙara kuɗin ruwa na shekara bakwai, adadin ya kai taka dubu arba'in da ɗaya. Kuɗin saniyar an ce ya tafi a kuɗin ruwa. A ƙasan takardar an rubuta cewa tunda babu mai suna a rajista a gida na 7, a bar gidan kafin 30 ga Satumba.

A ranar na ɗauki kwafin yarjejeniyar na je ofis, na buɗe sashe na goma sha huɗu na ajiye masa. Ga amsarsa yadda ya faɗe ta, a gaban ƙananan akawu biyu: “Haba Shugaba, yau kuma kai ne da sashe na goma sha huɗu? Ina ka ajiye shi ranar Lahadin nan? Bashin ya mutu, ban musa ba. Ita ta zo da ƙafarta ta dangwala ta ce tana ɗauke da shi, da ruwansa da komai. Kai ka sa hannu ka ce ka gani. Ni me na yi? Rubutu kawai na yi.” Sai ya nuna mini takardar 2 ga Mayu. A nan na karanta ta har ƙarshe. Ta ce Lalmoti ta amsa bashin da son ranta, ta yarda da duk abin da lissafi ya nuna daga baya, kuma ta bar duk wata kariya da yarjejeniya ta ba ta. Sa hannuna yana ƙasa, na ma ja masa layi kamar yadda na saba.

Na naɗe takarduna na fito.

Na nemi ganin manaja sau biyu, aka ce yana Dhaka. Na rubuta masa ranar 24 ga Yuli, har yau ba amsa, kuma wasiƙun manaja ta teburin babban akawu suke bi.

8. Gida na 7 shi ne na farko a bakin kwalta, inda motocin haya suke tsayawa. A farkon Agusta na ga ƙanen matar akawun, wanda yake da shagon kayan masarufi a gari, yana auna gaban gidan da igiya, tsohuwar tana zaune a ƙofa tana kallonsa. Wannan na gani da idona. Abin da ke cikin zuciyar akawun ban sani ba, ba zan rantse a kai ba.

9. Ba a kanta abin ya tsaya ba. Daga Yuli zuwa yau tsofaffi tara da suka yi ritaya sun sami irin wannan takarda, kowanne a kan watannin da ya yi jinya ɗansa ko 'yarsa ta amsa sunansa. Akwai wanda aka tono masa na 2006. Kusan babu gidan da bai taɓa yin haka ba a gonar nan, har da namu, lokacin da uwata ta yi ciwon ido. Biyu daga cikin taran sun sayar da awakinsu sun kai kuɗi. Da na je in hana na uku, matarsa ta ce mini, “Ai mu maganarka muke bi, Shugaba. Ba kai ka ce a biya ba?”

10. Ina neman izini in faɗi abin da na fahimta a kan wa'adi, ko da yake na fahimce shi a makare. Har yanzu ina kan bakana cewa wanda ya ga kuɗin da ba nasa ba a hannunsa ya mayar. Da a 2012 aka zo wa Lalmoti, da ta biya daga ladanta a hankali, ba wanda zai ji jiki. A lokacin malamin ɗakin magani yana raye, sardar ɗin yana raye, Shefali tana gida, ana iya tambayar kowa ranakun da aka fita da waɗanda ba a fita ba. Yau malamin ya rasu, sardar ya rasu, Shefali tana aure a wata gona mai nisa. Littattafan duk suna hannun mai nema. Idan ya ce dubu goma sha shida ne, ba mai musa masa, idan ya ce arba'in da ɗaya ne ma haka. Matar da ake nema kuwa ba ta da lada yanzu, sai abin da ke cikin ɗakinta. Ofis yana da akawu huɗu da littattafai da shekara guda cur don ya gano kuskurensa, ya kuma sake samun dama ranar sallama, ya buga hatimi ya ce ba komai. Wanda ya yi shiru a lokacin da biya yake da sauƙi, sai ya tashi a makon da maraya yake neman wurin kwana, ba haƙƙinsa yake nema ba.

Waɗanda suka sa wa'adin nan a yarjejeniya sun san wannan. Ina cikinsu, na sa hannu, amma ashe ban san abin da na sa wa hannu ba. Na ɗauka rangwame ne aka yi wa masu raunin hali. Kariya ce aka yi wa wanda ba shi da littafi, ni kuma na ɗauke ta daga kan matar da ta fi kowa bukatarta, don in ji daɗin cewa ni mai gaskiya ne.

11. Halin da iyalin suke ciki. Josna tana tsinka a matsayin 'yar wucin gadi, ba rabon garin alkama, ba magani, ranar da aka ga dama a kira ta. Lalmoti, da ƙugun da bai taɓa komawa daidai ba, tana wanke kofuna a wurin mai shayin da take sayar wa madara a da. Ƙaramar jikar, mai shekara uku, ta rame, kowa yana gani. Sun fara ɗaure kayansu a buhu, ba su san inda za su kai su ba, domin kakannin Lalmoti a gonar nan aka ƙone gawarsu, ba ta da wani ƙauye da za ta ce nata ne.

Josna ba ta gaishe ni, kuma tana da gaskiya. Idan na wuce takan ce wa 'ya'yanta da ƙarfi, “Ku matsa, ga gaskiya nan za ta wuce.” Wannan ina iya ɗauka. Tsohuwar ce take gaishe ni kullum. Da na je na gaya mata komai, cewa akwai wa'adi, na sani na ɓoye, kuma na sa hannu ban karanta ba, ta saurara har na gama, sannan ta ce, “To ai ka gaji, zauna. Ka ci abinci kuwa?” Ta aika a sayo mini biskit da kuɗin wankin kofi. Ranka ya daɗe, na san wannan ba shi da wuri a takardar ƙorafi. Na rubuta shi ne don a san irin mutumin da ake shirin jefarwa kan titi.

12. Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon ofishinka:

(a) Ya ba da umarni a dakatar da fitar da iyalin daga gida na 7. Wannan shi ne na gaggawa, domin 30 ga wata ba ta da nisa, kuma na san yadda ake yi a nan: da sassafe ake zuwa a cire ƙofa.

(b) Ya karɓi takardar 2 ga Mayu daga hannun akawun ya soke ta. Idan akwai dokar da ta ce dangwala yatsa tana raya bashin da wa'adinsa ya wuce, to a duba cewa ba a karanta wa matar takardar ba, an ce mata shaidar biya ce, kuma mutane biyu da suka san akwai wa'adi suna tsaye a kanta ba wanda ya gaya mata. Ɗaya daga cikinsu ni ne. Zan faɗi haka da rantsuwa a duk inda aka kira ni.

(c) Ya sa a mayar mata da taka dubu goma sha ɗaya da aka karɓa ba rasit, a kuma bincika ko kuɗin ya shiga asusun gonar ma.

(d) Ya sa a rubuta sunan Josna Bhumij a rajista daga watan Afrilu, da duk abin da ya kamata ta samu tun lokacin.

(e) Ya sa a janye takardun da aka aika wa tsofaffin nan tara, a mayar wa biyun da suka biya kuɗinsu, a kuma karanta sashe na goma sha huɗu da ƙarfi ranar biya, da harshen da mutanen layi suke ji. Ba ni ya kamata in karanta ba.

(f) Ya sa a dakatar da Porimol Dastidar daga aiki, a ɗauke littattafan lada daga hannunsa har a gama bincike, a hukunta shi gwargwadon abin da aka samu. Ba na neman a sassauta masa don an ga ni ma da laifi. Ya san abin da yake yi tun daga ranar da ya zo mini da pan.

Na haɗo kwafin yarjejeniyar 2009, da takardar sallamar Lalmoti, da takardar 18 ga Yuli, da sunayen tsofaffi tara. Ramdhani Goala ya ce zai ba da shaida, haka ma mai shayin bakin hanya, wanda ya ga awon gidan.

13. Abin da ya shafe ni kuwa, ba sai ofishinka ya wahala ba, an riga an yanke. Ranar Lahadi, 25 ga Agusta, kwamiti ya zauna, Ramdhani ya shugabanci zaman, na kai ƙarar kaina. An tuɓe ni daga shugabanci, ba zan sake tsayawa ba sai bayan shekara biyar. An hana ni karanta wa jama'a littafi a haikali har shekara guda, zan riƙa zama a baya wurin ajiye takalma. Rabin madarar saniyata zai riƙa zuwa gida na 7 kowace safiya har sai iyalin sun sake mallakar tasu, kuma ni da kaina zan riƙa kaiwa, ba aike ba. Hukuncin ya fara aiki washegari.

Ina jiran umarninka da dukkan ladabi, tare da fatan Ubangiji ya ƙara maka lafiya da adalci.

Mai biyayya gare ka,

Haripada Tanti,
Ma'aikacin rumfar busar da ganye, lamba 318,
Tsohon shugaban kwamitin ma'aikata, Gonar Shayi ta Bokultila.